Kirsimeti da Ista: a yi sujada irin ta da, ko a kawo fitilu da babbar dirama?

Wani matashi da aka saka a kwamitin shirin Kirsimeti na majami'arsu ya kawo tambaya, ya ce kwamitin nasu ya rabu gida biyu. Matasa suna so bana a yi abu babba, a yi hayar fitilu masu kala da babban allo da injin hayaƙi, a gayyato mawaƙi daga waje, a yi dirama ta awa biyu. Dattawa kuma sun ce a'a, a buɗe Littafin Waƙoƙi, a karanta Luka sura 2, Zumuntar Mata su yi waƙa, fasto ya yi wa'azi, a tashi. Yana so ya san wanne ne daidai a gaban Allah, kuma wai shin sauƙin sujada alamar ruhaniya ce, ko dai tsofaffi ne kawai basa son ci gaba.

Toh ƙanena, sannu da ɗawainiya, kwamitin biki aiki ne mai nauyi kuma ba a cika gode ma mai yinsa ba. Na shafe shekaru masu yawa ina koyar da kwaya, wato ƙungiyar mawaƙan majami'a, daga baya kuma ina koyar da tsarin sujada ga masu shirin shiga aikin bishara, kuma wannan gardamar kusan kowace shekara sai ta zo gabana da zarar Nuwamba ya kama. Abun da zan ce maka tun farko shi ne, ka ajiye maganar babba da ƙarami tukuna, ka tambayi kanka abu ɗaya: a wannan sujadar da kuke shiryawa, jama'ar da za su cika bencuna za su zo su yi ne ko za su zo su kalla? Duk sauran maganar daga nan take fitowa.

Bari in fara da gefen dattawa tunda su ake zargi. Suna da hujja mai ƙarfi, kuma hujjar tana cikin labarin Kirsimetin kansa. Luka 2:7 ya ce a komin dabbobi aka kwantar da jaririn domin ba su sami wuri a masauki ba. Waɗanda aka fara sanar ma makiyaya ne da ke kwana a fili. Sannan akwai wata aya da mutane ke tsallakewa, Luka 2:24, lokacin da Yusufu da Maryamu suka kai shi Haikali, kurciyoyi biyu ko 'yan tattabaru biyu suka miƙa, in ka koma Littafin Firistoci 12:8 za ka ga wannan hadayar wadda bata da halin sayen ɗan rago ce. Ka ga kenan bikin da muke yi bikin talakan gida ne, wanda iyayensa ko ɗan rago basu iya kaiwa ba. In dattijo ya ga ana shirin kashe kuɗin da zai biya ma marayu goma makaranta a kan hayaƙi na dare ɗaya zuciyarsa ta ƙi, bai yi laifi ba, Littafin ne a cikinsa yake magana. Annabi Amos ma a sura 5 aya 21 zuwa 24 ya faɗi magana mai zafi, Ubangiji ya ce baya jin daɗin idodinsu, a kawar masa da hayaniyar waƙoƙinsu, abun da yake so adalci ya gudana kamar ruwa. Mutanen nan waƙarsu tana da daɗi, kayan kiɗansu na da kyau, matsalar tana wajen yadda suke yi da matalauta.

Kuma haka ikilisiyar farko take. Jastin Shahidi, wanda ya rubuta a Roma wajen shekara ta 155, ya bayyana yadda taron Lahadi yake a zamaninsu: a karanta rubuce-rubucen manzanni ko na annabawa gwargwadon lokaci, shugaba ya yi gargaɗi, kowa ya miƙe a yi addu'a, a kawo gurasa da ruwan inabi, jama'a su amsa da Amin, sai a tara baiko domin marayu da gwauraye da marasa lafiya da 'yan kurkuku da baƙi. Shikenan. Ita kanta ranar 25 ga Disamba sai a shekara ta 336 muke da shaidar farko a rubuce cewa ana kiyaye ta a Roma. Mu ma nan arewa da haka aka fara. Sujadar farko ta mishan ɗin da ya haifi EYN (Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya) a Garkida, ranar 17 ga Maris 1923, a gindin tsamiya aka yi ta. Majami'ar Wusasa ta Zariya da aka gina a 1929 da ƙasa aka yi ta, ginin Hausa sak. Kakanninmu a ƙungiyoyin mishan na SIM da SUM a ƙarƙashin rumfar kara suka koyi waƙa, cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa ma sai 1932 ya fito, kuma bangaskiyar da suka samu a haka ita ce ta riƙe su cikin tsanani har ta iso gare mu. Da tsohuwar zuma ake magani, wannan kam gaskiya ne.

Amma fa in dattawa suka ce Allah baya son ƙasaitaccen biki, nan zan rabu da su, domin Littafin bai ce haka ba. Je ka 2 Tarihi 5:12-13 ka karanta ranar keɓe Haikalin Sulemanu, firistoci 120 ke busa ƙaho, ga Lawiyawa mawaƙa sanye da lilin da kuge da molaye da garayu, kuma a daidai lokacin da muryarsu ta haɗu ta zama ɗaya ne ɗaukakar Ubangiji ta cika ɗakin. Dawuda ya yi rawa da iyakar ƙarfinsa a gaban akwatin alkawari. Zabura 150 bata bar wani kayan kiɗa a waje ba. A daren haihuwar ma bayan mala'ika ɗaya ya gama magana sai ga taron rundunar sama. Sannan matar nan ta Markus 14 da ta fasa tulun man nardi a kan Yesu, wanda aka ƙiyasta ya fi dinari 300, kusan ladan ɗan ƙwadago na shekara guda, mutane suka yi ta gunaguni wai an yi ɓarna da an sayar an ba talakawa, Yesu da kansa ya kare ta ya ce abu mai kyau ta yi. Wannan ayar ita ke hana ni saurin ce ma kowa ya yi almubazzaranci a gaban Allah. Akwai ƙaunar da bata lissafi.

Sai dai ka lura da abu ɗaya a labarin matar. Turarenta ne, nata na kanta, kuma a kan Yesu ta zuba shi. Bata ɗora ma maƙwabta haraji ba, bata ci bashi da sunan ikilisiya ba, kuma bata yi don a ce gidansu ya fi na su wane ba. Duk wanda zai jawo wannan ayar don kare kasafin kuɗin biki sai ya amsa waɗannan ukun tukuna.

Gardamar nan ta tsufa sosai, kuma sanin hakan zai sa ku rage zafi a kwamiti. A Zurik ta ƙasar Suwizalan zamanin Zwingli, ɗaya daga cikin jagororin gyaran ikilisiya irin su Kalvin da Luta, shekarun 1520, fitar da babban kayan kiɗan nan ogan aka yi daga majami'u gaba ɗaya, alhali shi kansa gwanin kiɗa ne. A Janiba Kalvin ya yarda a yi waƙa amma Zabura da baki kawai babu kayan kiɗa. Luta kuwa a Jamus ya rungumi kiɗa har ya rubuta waƙoƙi da kansa. A Ingila majalisa ta hana bikin Kirsimeti a 1647, a Masachuset ta Amurka daga 1659 zuwa 1681 tarar sule biyar ake cin wanda aka kama yana bikin, a Sikotland kuma sai 1958 Kirsimeti ta zama ranar hutun gwamnati. Duk waɗannan masu tsoron Allah ne, kowa da Littafi a hannunsa. Kuma abun da nake so matasa da dattawa duka su tuna, abun da muke kira "na gargajiya" yau shi ma wata rana sabo ne da aka yi faɗa a kansa. Turawan mishan da yawa da farko basu yarda da ganga a majami'a ba domin suna danganta ta da tsafi. Tulu da caki da ƙararrawar da Zumuntar Mata ke kaɗawa, waɗanda yau in babu su sai a ce ba a yi Kirsimeti ba, a hankali suka samu shiga. Iyayen dattawan nan naku sun taɓa zama matasan da ake ce ma sun kawo sabon abu.

Diramar haihuwa ma tana da tarihi mai kyau. A 1223 Faransis na Asisi ya shirya a wani kogo a ƙauyen Greccio na Italiya, ya sa aka kawo komi da ciyawa da sa da jaki, jama'ar ƙauyen suka zo da fitilu da dare. Dalilinsa shi ne yana so ya gani da idonsa irin wahala da talaucin da aka haifi jaririn a ciki. Dubi wannan da kyau. An fara nuna haihuwar ne domin a ga ƙasƙancin Almasihu. Yanzu kwatanta da abun da wasu manyan majami'u a Amurka ke yi, kamar wata babbar majami'ar Baftis a Plano ta jihar Texas da bidiyonta ya zaga duniya a 2022, masu ganga suna shawagi a sama rataye da waya, ga raƙuma masu rai a cikin majami'a, kuma da tikiti ake shiga. Su suna cewa hanyar jawo wanda baya zuwa coci ce, ban kuma ce niyyarsu mummuna ba ce. Amma ni abun da ke damuna, mutum zai fita yana ba da labarin yadda aka rataye masu ganga, komin dabbobin ya ɓace masa. Yaranmu kuma a waya suke ganin irin wannan, da taron waƙa irin wanda ake yi a dandalin Tafawa Balewa na Legas duk Disamba, da na Uyo inda a 2014 mutum 25,272 suka rera waƙoƙin Kirsimeti tare har suka shiga kundin tarihin duniya, sai su dawo su dubi majami'arsu mai fanka huɗu su ji kamar an bar su a baya. Ina jin zafin da suke ji, kuma bai kamata dattawa su yi musu dariya ba.

Ga wani misali da ya fi kusa da abun da kuke nema. Sujadar nan ta karatu tara da waƙoƙi da majami'u da yawa ke yi kafin Kirsimeti, a Truro ta Ingila aka fara ta a 1880, Bishop Benson ya tsara, kuma a wani ginin katako na wucin gadi aka yi domin babbar majami'ar ba a gama gina ta ba. A 1918, bayan yaƙin duniya na ɗaya, wani limami da ya yi aiki da sojoji a fagen daga ya ɗauke ta ya kai kwalejin King's a Kambrij, BBC ta fara watsa ta a 1928, har yau miliyoyin mutane ke saurare duk 24 ga Disamba. Me ke cikinta? Karatu daga Farawa 3 har zuwa Yohanna 1, waƙa tsakanin kowane karatu, kuma da muryar yaro ɗaya tak ake buɗewa. An yi shiri na watanni, ƙwarewa ta kai maƙura, amma tsarin nan majami'ar ƙauye da bata da wuta za ta iya yinsa da fitilar kwai. Sauƙi daban ne, sakaci daban ne. Da yawa daga abun da muke kira sujada mai sauƙi a wajenmu rashin shiri ne kawai, mai karatu sai an kira shi sannan yake neman aya, mai ba da waƙa ya ɗauko murya sama kowa ya shaƙe, sanarwa ta cinye minti arba'in, wa'azi babu kai babu gindi, sannan a ce ai mu na ruhu ne. In matasa sun gudu daga wannan, ba daga Allah suka gudu ba.

Bari in ba ka abun da na gani da idona. Wata shekara a majami'ar da nake hidima muka yi babban shiri, muka yi hayar sifiku manya da fitilu, riyasal na sati shida, komai ya tsaru. Ana tsakiyar waƙa ta uku janareta ya mutu, wuri ya yi duhu, kibod ya yi shiru, makirufo ya mutu. Na tsaya a gaba zuciyata tana bugawa, sai wata tsohuwa daga layin Zumuntar Mata ta ɗauko wata waƙar haihuwa daga Littafin Waƙoƙi da ka, wata ta kama tulu, kafin baiti na biyu majami'a gaba ɗaya ta ɗauka, maza da mata da yara, muryoyin da tun da aka fara ban ji su ba domin sifika ta danne su. Na ga dattijo yana share hawaye. Da aka gyara janareta muka ci gaba da shirinmu, amma ni a ranar na gane cewa sati shida na yi ina koyar da mutum talatin su yi waƙa a madadin mutum ɗari biyar da suka iya waƙa tun kafin a haife ni. Tun daga ranar na canza yadda nake shirya biki. Ban daina amfani da kayan kiɗa ba, har gobe ina son kibod da jita in mai kaɗawa ya san aikinsa, amma ma'aunina ya zama muryar jama'a.

Kuma wannan ana iya auna shi, ba wai ji a jiki kawai ba. Ranar riyasal na ƙarshe ka bar gaba, ka je ka zauna a benci na baya. In kana waƙa baka jin muryar wanda ke kusa da kai, sauti ya yi yawa, a rage. Masana lafiyar kunne suna cewa daga desibel 85 (ma'aunin ƙarfin ƙara) zuwa sama in an daɗe ciki ji yana lalacewa, kuma sifikun biki suna wuce haka nesa, ga jarirai a bayan iyayensu mata daf da sifika, wannan kaɗai ya isa a yi hattara. Sai maganar murya, mawaƙin da aka gayyato zai ɗauki waƙa a inda muryarsa ke haskawa, jama'a kuwa yawancinsu daga sautin C na ƙasa zuwa D na sama a kan kibod suke iya kaiwa ba tare da wahala ba, in mai kibod ya wuce nan maza za su yi shiru, daga nan sai kowa ya zaro waya ya fara ɗaukar bidiyo. Fitila ma haka, in aka kashe wutar jama'a aka haska dandamali kaɗai an riga an faɗa musu cewa su 'yan kallo ne, kuma tsoho mai raunin ido ba zai iya karanta littafinsa ba. Sabuwar waƙa kar ta wuce ɗaya ko biyu a ranar biki, a fara koyar da ita tun Lahadi uku kafin ranar, ba a fafe gora ranar tafiya. Harshe kuma, in majami'ar Hausa ce kar a cika ta da waƙoƙin Turanci da rabin jama'a basa ji, Bulus a 1 Korintiyawa 14 ya ce gara kalma biyar da za a fahimta da dubu goma da ba za a fahimta ba, kuma a surar nan ne ya ce in kun taru kowa yana da abun da ya kawo, a yi komai domin ginawa kuma bisa tsari.

Dirama kuwa ni ina goyon bayanta ɗari bisa ɗari in 'ya'yan ikilisiya ne ke yi. Yaron makarantar Lahadi da aka ɗaura ma rawani da zanen mamarsa ya zama makiyayi, yarinyar da ta haddace maganar Maryamu, waɗannan har su tsufa ba za su manta Luka 2 ba, kuma iyayensu da basa zuwa sujada za su zo saboda su. Amma awa biyu ya yi yawa. Abun da na sha gani shi ne Hiridus ya zama ɗan barkwanci, ana ta dariya, an manta cewa mutumin nan yara ya sa aka karkashe a Baitalami, sannan lokacin wa'azi ya zo kowa ya gaji, mata sun fara zamewa domin tukunya na kan wuta. Minti ashirin zuwa talatin sun isa, a bi nassi, in za a ƙara magana a nuna ma fasto ya duba tukuna. In matasa suna da babban shiri da ya fi haka, a ba su dare guda daban, a kira shi da sunansa, daren waƙa da dirama, a gayyaci maƙwabta, su zuba basirarsu son ransu. Sujadar safiyar 25 ga wata kuma a bar ta ta zama ta kowa. Wannan rabon kaɗai ya sha kashe gardama a kwamitoci da dama da na zauna.

Ista ta fi koya mana wannan darasin ma. 'Yan'uwanmu Katolika da Angilikan suna da hikima a nan da ya kamata sauranmu mu duba. Kwana arba'in na azumi ba a cewa Halleluya. Daren Alhamis a tuɓe bagadi a bar shi tsirara. Ranar Jumma'a babu ƙararrawa babu ado, karatun shan wahala da addu'a da shiru. Daren Asabar a fara cikin duhu da wuta ɗaya a waje da kyandir ɗaya, kowa ya kunna nasa daga na maƙwabcinsa, sai can a saki ƙararrawa da ganga da Halleluya gaba ɗaya. Murnar tana da ƙarfi ne domin an yi shirun kafin ta. Majami'ar da kowace Lahadi take a ƙarshen ƙara, ranar tashin Almasihu bata da inda za ta ƙara hawa. Don haka ni ranar Jumma'a ko kibod bana so ya yi yawa, ranar Lahadi kuwa a fito da duk gangar da ke cikin sito, yaran ƙungiyar Birged su yi fareti, mata su yi guɗa, Litinin a tafi Galili, wato fitar shaƙatawa ta bayan Ista, a ci a sha. Diramar gicciye ma a yi hattara da ita, na ga inda aka yi ta bulala da jan fenti har yara suna kuka wasu na dariya, karatun Yohanna 18 da 19 da muryoyi uku ko huɗu a natse ya fi shiga zuciya.

Yanzu maganar kuɗi, wadda ita ce ainihin abun da ke ƙasan gardamar ko da ba a faɗa ba. Ban san kasafinku ba sai kai, amma ga ƙa'idar da nake bi. Ba a cin bashi domin biki. Ba a yanka ma kowane gida kuɗi dole har a karanta sunan wanda bai biya ba. Ankon ma a duba shi, domin akwai matar da za ta zauna a gida ranar Kirsimeti saboda bata iya sayen zanen ba kuma ba za ta faɗa ma kowa ba, Yakubu sura 2 a kan irin wannan yake magana, mai tufafi masu kyau a gaba, talaka a tsaye a baya. Abun da za a saya ya zauna ya yi shekaru yana aiki, kamar makirufo mai kyau ko gyaran tulu da ganguna ko ƙarin Littafin Waƙoƙi, ya fi abun haya na dare ɗaya. Sannan in mai bisharar da kuka tura ƙauye yana bin ku albashin wata uku, toh maganar injin hayaƙi bata ma taso ba. Nehemiya 8:10 ya ba mu tsarin biki sarai, a ci mai kitse a sha mai zaƙi, a aika ma wanda bashi da komai rabonsa. Biyun tare suke tafiya, kuma a aya ɗaya suke.

Mu a nan ma muna da dalili na musamman. Mun san Kirsimetin 2011 a Madalla inda aka tayar da bam a majami'a, mun san jajibirin Kirsimetin 2023 a Bokkos da Barikin Ladi inda aka kashe sama da mutum 100, kusan kowace majami'a a arewa tana da gwauraye da marayu da waɗanda suka baro ƙauyukansu suna zaune a ɗakin aro. Cikin jama'ar da za su zo ranar nan akwai wadda wannan ce Kirsimetinta ta farko ba mijinta. In sujadar daga farko har ƙarshe tsalle ne da walƙiyar fitila, babu wurin da za ta ajiye hawayenta. A bar mata minti biyu na shiru, a ambaci waɗanda suka rigaye mu cikin addu'a, a rera waƙa ɗaya mai sanyi da ta sani. Kuma in za ku yi taron dare ku yi shawara da masu kula da tsaro tun da wuri a kan lokacin tashi da hasken waje da ƙofofi, majami'u da yawa sun dawo da nasu da yamma saboda haka.

In ni ne a kujerarka, kafin zaman kwamiti na gaba zan je gidan dattijon da ya fi kowa ƙin shirin, in gaishe shi in zauna, in ce Baba a zamaninku yaya kuke yin Kirsimeti, wace waƙa ce in ba a yi ta ba kake jin ba a yi biki ba. Zai faɗa maka, watakila har ya rera maka. Ka rubuta ta, ka kai ma matasa su koya da kibod ɗinsu da gangarsu, su sa Zumuntar Mata su ja baitin farko da tulu kaɗai kafin sauran kaya su shigo. Su kuma matasa ka ce su kawo farashin kowane abu a rubuce, na haya daban na saye daban, ka karɓo jerin gwauraye da marayu daga wajen shugabar mata, ka ajiye takardun biyu a kan tebur ɗaya ranar zaman, ku fara da karatun Luka 2 sannan ku shiga lissafi.